Shuɗiya da Koriya

Sau uku na soka filogi a ginshiƙin gaɓa,
sau uku makunnin tsaro ya ce ƙas, ya kwanta.
Na ukun har da wutar maƙwabta ya tafi.
Telmo ya leƙo daga jirginsa, kifinsa rabin soyuwa,
bai ce uffan ba. Kallon ya wadatar.

Tashar Horta, ƙarshen Nuwamba.
Dutsen Pico ya lulluɓa da gajimare tun safe.
Filafilai a naɗe, igiyoyi na ƙwanƙwasa sandar jirgi
kamar masu bin bashi.
Jirgin na babana ne, Amandio,
wata bakwai ke nan da ya zama nawa.

Ga abin haushin: in na zare filogin,
inbata ta ja daga batir tana gurnani ƙasa-ƙasa,
firji ya ɗau sanyi, fitila ta kama, lafiya lau.
Ashe jirgin nan ba ya ciwo sai ya taɓa tudu.

Na fara da abin da ido ke gani.
Na kwance kan filogi, gishiri ya ci haƙoransa,
sun yi kore kamar tsohon kwabo.
Na kankare, na goge, na ce to, ga ɓarawon.
Na soka. Ƙas.
Ba shi ba ne.

Na kashe komai, na bi su ɗaya bayan ɗaya,
cajar batir, tukunyar ruwan zafi, soket ɗin kicin.
Duk wanda na kama sai ya wanke kansa.
Mita a hannu, tocila a baki,
gwiwa cikin ruwan da ke kwana a gindin jirgi,
ga warin dizal da tsohon kofi.

Da la'asar Telmo ya hauro yana share hannu a wando.
Ya ce, Graciete, makunnin nan ba mugu ba ne, ɗan lissafi ne.
Abin da ya fita ta waya guda
so yake ya dawo ta ɗayar, cif.
Ko ɗigo ya bi wata hanya, sai ya rufe shago.
Nemi inda wutarki ke satar hanya.

Allon makunnai, sukuru shida.
Na biyar ya ƙi, sai da na lallashe shi da mai.
Ciki kuwa saƙar gizo,
kowace waya da ɗan farin salatif a wuya,
kowane da rubutun babana mai jingina hagu
kamar jirgin da iska ta taso wa.
Famfo. Fitilar sanda. Rediyo. Kar a taɓa.

Na zare filogi, na kashe inbata,
sannan na taɓa.

Can ƙurya, wata 'yar guntuwa da ba ta kai yatsa ba
ta ɗaura shuɗiya da koriya mai ratsin rawaya.
A tsakiyar teku daidai ne,
can jirgi shi ne ƙasar kansa.
Amma gaɓa na da nata ƙullin.
Ƙulli biyu, hanya biyu, lissafi ya ɓaci.

Na zauna kan akwatin batir, dariya ta kama ni.
Shekara da shekaru mutumin nan na jefa anga a waje,
yana tuƙo ɗan kwalekwale zuwa gari
don kar ya biya kuɗin tasha.
Tun da ya sa inbatar bai soka filogi ba. Ina zai sani?
Ko kuwa ya sani, shi ya sa ya rubuta.

Na kwance ta. Na soka. Na jira ƙas ɗin
har na ji kunyar jiran.
Buta ta fara waƙa.

Telmo ya ce wannan rabin aiki ne.
Kafin in saki igiya sai an sa abin da zai ƙulla a teku,
ya kwance a gaɓa, da kansa.
Ranar Litinin zai tambaya a shago.

Guntuwar na aljihuna, da salatif ɗinta.
Na miƙa masa kofi ta kan shinge,
ya miƙo min wutsiyar kifin, ta riga ta huce.